Barcin Aro

Warin ƙuna ne ya farkar da Maman Ƙararrawa. A tsaye take, hannunta a kan dutsen guga, goshinta jingine da ƙarfen rataye kaya. Ta fizge dutsen da sauri, amma aikin gama ya gama. A bayan farar rigar wani ma'aikacin banki ga hoton dutsen guga ya fito raɗau, har da 'yan ramukan da tururi ke fita.

Madam, mai gidan wankin, tana can gaba wajen kanta, amma hancinta ba ya hutu. Kafin Maman Ƙararrawa ta gama salati ta iso, tabarau a kan karan hanci. Ta ɗaga rigar ta juya ta gaba da baya.

"Wannan adon na wane kamfani ne?"

"Madam, wallahi ido kawai na ƙifta."

"Kin ƙifta da labule, kin ƙifta da wandon lauya, yau kin ƙifta da wannan. Ki saurare ni da kyau. Ina tausayinki, Allah ya sani, amma mai rigar nan ba tausayi zai saka ya tafi ofis ba. Ko hankici kika sake ƙonawa, ki ɗauki jakarki."

Ta juya da rigar a hannu, takalminta na ƙwas-ƙwas.

Ba lalaci ne ke damun Maman Ƙararrawa ba. A duk gidan wankin babu mai fitar da karin wando kamarta. Matsalar tana gida, tana da haƙoran nono da kumatu, ba ta cika shekara uku ba. Maƙwabta ne suka raɗa wa yaron suna Ƙararrawa, don idan ya fara tsala ihu har mutanen bene na sama sai sun duba agogo. Da rana tana barin sa wajen matar ɗakin kusa da nasu, shi kuma ya miƙe ƙafa ya yi ta sharar barci har la'asar, matar na jin daɗin kallon talabijin ɗinta babu mai damun ta. Da dare kuwa sai ya buɗe kasuwa: kiɗa da murfin tukunya, hawa kan cikin uwarsa, tambayar ina wata ya tafi. Ubansa ya kama gabansa tun kafin yaron ya yi haƙori. Aikin gugar nan shi ne ɗakin da suke kwana, shi ne abin da suke ci. Idan ya tafi, babu na biyu.

Da lokacin cin abincin rana ya yi, kowa ya watse. Ita ta shige ɗakin baya inda tukunyar tururi take, wata tsohuwar tukunyar ƙarfe mai bututu da ke kai tururi ga duwatsun guga. Ta zauna a kan buhun omo, ta rufe fuska da gefen ɗankwali, ta ɗan yi kukanta a natse.

Sai tukunyar ta yi tari.

Ba tarin bututu ba. Tarin tsohuwa ne sosai, mai kaki. Murfin gefe ya buɗe, tururi ya turnuƙe, wata 'yar tsohuwa da ba ta wuce tsayin bokiti ba ta sauko da baya-baya, tawul a naɗe a kanta, tabaranta duk ya yi gumi.

"A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim!"

"Amin, 'yar nan. Ni ma ba ma ga-maciji da shi." Tsohuwar ta goge tabarau da bakin zane. "Zauna, zauna. Ina za ki? Ƙofar ma a can take, wannan bango ne."

"Ke... ke wace ce?"

"Aljana, mana. Kin ga na yi kama da mai gyaran famfo? Ki ce min Gwaggo. Tun ranar da aka kafa tukunyar nan nake ciki, saboda sanyin ƙashi. Na fito ne don na gaji. Warin ƙunar nan taki yana tayar min da mura. Kuma in aka kore ki, wa zai riƙa kankare min dattin tukunya? Wadda ta riga ki har ruwan datti take zuba min a ka."

Maman Ƙararrawa ta koma kan buhun a hankali. Gajiya ta yi mata yawan da ko tsoro ba ta da ƙarfin ji yadda ya kamata.

"Ni dai ba na son komai, Gwaggo. Kuma ɗana ba na bayarwa ba ne."

"Wa ya ce yana son ɗanki? Ai har cikin tukunya ina jin labarinsa. Ku riƙe abinku. Barci kike nema, ni kuma na san inda yake."

Ta ja wani ɗan ƙaramin bargo mai laushi daga kwandon kayan da ba a wanke ba. Ta lalubi gefensa da farce, ta kamo wani siririn zare mai sheƙi kamar yanar gizo-gizo, ta fara naɗewa a yatsa.

"Barcin kowa zare ne, bakinsa na maƙale a abin da yake kwanciya a kai. In na ja, na daren gobe ne ke biyowa. In na ɗaura miki a hannu, ki rufe ido kafin ruwan shayi ya tafasa kin yi barcin dare cur."

"Shi mai barcin fa?"

"Ya kwana yana ƙirga silin."

"Ai sata ce wannan, Gwaggo."

"Duba mai bargon tukuna."

Maman Ƙararrawa ta san bargon. Na kyanwar wata attajira ne, kyanwa mai ƙiba da ake kawowa a kujerar gaban mota. Ta auna abin. Kyanwa dai ba ta zuwa ofis. Ba ta da yaro. Wuni take barci, kwana take barci, ko an ɗiba ba za ta san an ɗiba ba.

Ta miƙa hannu.

Da ta buɗe ido, butar shayi ba ta ma fara kuka ba, amma ji ta yi kamar an wanke ta an goge an rataye. Ta yi miƙa, wata irin doguwar miƙa, har bayanta ya lanƙwashe. Ranar ta goge kayan da mutum biyu ke gogewa. Da dare ta buga murfin tukunya tare da Ƙararrawa har shi ya fara kallon ta da mamaki.

Kwanaki suka yi daɗi. Sai dai barcin kyanwa da halin kyanwa yake zuwa. Ta fara mafarkin ɓeraye masu ƙiba. Duk inda rana ta faɗo ta taga, nan take jan teburin gugarta. Wani abokin aiki ya buɗe gwangwanin kifi a can ƙarshen ɗaki, bai san lokacin da ta tsaya a bayansa ba. Ranar da abin ya kai maƙura, Madam tana mata bayanin yadda za a goge wasu labule, kofin shayinta a bakin kanta. Maman Ƙararrawa ta zuba wa Madam ido, ta sa yatsa ɗaya, ta tura kofin a hankali, a hankali, har ya faɗi ya tarwatse.

Madam ta dubi kofin, ta dube ta.

"Lafiyarki ƙalau?"

"Yi haƙuri, Madam. Wallahi a bakin kanta na gan shi, sai raina ya ƙi."

Da yake ba ƙuna ba ce, ta tsira. Amma washegari attajirar ta zo da fuska a kumbure, tana ba Madam labarin yadda kyanwarta ta daina runtsawa, sai kuka da yagar kujeru. Likitan dabbobi ya ce wai damuwa ce, a sayo mata sabon wurin kwanciya. Tsohon bargon an jefar.

"Rijiyarmu ta ƙafe," in ji Gwaggo da rana. "Amma kwandon nan cike yake da rigunan filo. Akwai masu barcin da ya yi musu yawa, kamar ba za su mutu su huta ba."

"Na mutane?"

"Ɗan kaɗan. Daga mai yawa."

A nan ne ya kamata Maman Ƙararrawa ta tambayi ko na waye. Tambayar ta zo har bakinta. Sai ta tuna yadda ƙarfen rataye kaya yake da sanyi a goshi, ta haɗiye ta, ta miƙa hannu tana kallon wani wajen.

Wannan barcin mai nauyi ne, mai daɗi, irin na wanda ya ci guminsa. A ciki ta ga titi shimfiɗe ba iyaka, fitilu na wucewa. Ta tashi kafaɗunta a buɗe. Tana guga ƙafarta na neman birki a ƙarƙashin tebur. In za ta zagaya kwandon kaya sai ta ba shi fili sosai kamar tana jan doguwar mota. Wani mai kawo omo ya tare mata hanya, ta ji kanta ta daka masa tsawa: "Kai, kauce, ba ka gani ne?" da wata murya da ta sa shi sakin buhu.

Bayan 'yan kwanaki, tana wajen kanta tana taimakon Madam miƙa kaya, wani ƙato ya shigo da filasta a goshi. Idanunsa jajur, ya miƙo 'yar takardar karɓar kaya.

"Direba, me ya same ka haka?" in ji Madam.

"Bari kawai, Madam. Ni da ko a kan buhun siminti nake barci, yanzu in na kwanta sai ido ƙyar har asuba. Na sha magani, na sha tofi, a banza. Jiya da safe ina tuƙa tanka cike da mai, ban san lokacin da kaina ya sunkuya ba. Allon talla na kwasa." Ya shafa filastar. "Gaba kaɗan da allon, yara ne a jere za su tsallaka zuwa makaranta. Allah ne kawai ya tsare."

Maman Ƙararrawa ta ɗauko masa kayansa da kanta: bargo mai kauri da rigunan filo biyu. Ta san warinsu. Ta san har waƙar da yake yi in ya hau gangara. Ta miƙa masa ba tare da ta iya ɗaga ido ba.

Ko jiran hutun rana ba ta yi ba. Ta faɗa ɗakin baya ta buga tukunyar da hangar rataye kaya.

"Fito, Gwaggo! Direban tanka? Direban tanka kika ɗebo min?"

Murfin ya buɗe kaɗan. "Kin tambaye ni? Hannu kika miƙo kina kallon silin."

Maganar ta zauna mata daram. Ta kwance zaren da ya rage a wuyan hannunta ta ajiye a kan tukunyar.

"Mayar masa. Duka. Na daina."

"To, uwar masu tsoron Allah. Mu ga yadda za ki yi."

Yadda ta yi bai yi kyau ba. Cikin kwana kaɗan ta koma gidan jiya. Ta gwada shayi mai kauri, ta gwada tsayawa da ƙafa ɗaya, ta gwada sa tsakuwa a takalmi. Ta roƙi maƙwabciya ta riƙa tayar da yaron da rana; matar ta ce ta gwada sau ɗaya, ihun da ya yi ya sa mai gidan haya ya sauko. Sau biyu dutsen guga ya tsaya a kan riga fiye da ƙima, Allah ya sa ta farka kafin wari ya tashi.

Ana cikin haka Madam ta shigo rungume da wata doguwar jaka kamar mai ɗauke da jariri. Ta zuge zif. Rigar amarya ce, fara tas, leshi a kan leshi, duwatsu tun daga wuya har ƙasa, ga mayafi mai laushin da numfashi ma zai iya yaga shi.

"Jibi da hantsi uwar amarya za ta zo karɓa," in ji Madam. "Matar nan ta taɓa sa an rufe wani shagon ɗinki saboda maɓalli ɗaya. Babu wanda zan iya ba wa sai ke. Kuma kin san maganarmu tana nan."

Da rana Gwaggo ta fito da kanta, ba a kira ta ba. Tana jan wata rigar filo ta siliki mai ƙamshin turare.

"Ta Madam ce," ta ce da raɗa. "Ba ta tuƙi, direba gare ta. Ba ta riƙe wuƙa, ba ta hawa tsani. In ta rasa barcin dare biyu me zai faru? Ta ƙara masifa? Wa zai lura?"

Maman Ƙararrawa ta dubi rigar filon. Har ta hango irin barcin: katifa mai taushi, ɗaki mai sanyi, babu mai hawa cikin mutum. Hannunta ya ɗago da kansa. Ta kama shi da ɗaya hannun ta mayar kan cinya.

"Kyanwa ma na ce ba abin da zai faru. Ban san me Madam take yi da safiyarta ba, kamar yadda ban san na direba ba. In dai za a ɗiba, sai mai shi ya sani, ya kuma ce ya yarda."

Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ya yarda! Tun kafin a haifi kakar kakarki nake cikin mutane. Na ga wanda ya ba da gona, na ga wanda ya ba da ƙoda. Ban taɓa ganin wanda ya ba da barcinsa ba."

Washegari da sassafe Maman Ƙararrawa ta iso tana jan ƙafa, ta tarar da rigima a bakin ƙofa. Baba Mai Gadi ne a tsaye, hula a hannu, shatin benci kwance a kumatunsa. Madam na riƙe da tocilarsa da sandarsa.

"Na zare sandar daga hannunka, na zare tocila, na ɗauki hotonka, ba ka motsa ba! Da ɓarawo ne har da kai zai haɗa! Baba, na ƙara samun ka haka, ka nemi wani bencin."

Da ta shige, tsohon ya zauna yana juya hula.

"Sannu, Baba."

"Yauwa, 'yata. Ke ma na ga idonki kamar nawa." Ya yi ajiyar zuciya. "Ba halina ba ne. Masu walda ne suka tare a jikin ɗakina. Da rana in na kwanta, kamar a cikin kaina suke yanka ƙarfe. Sai dare ya yi, lokacin da ake biya na in buɗe ido, barci ya faɗo min kamar katanga. Da akwai mai so, wallahi kyauta zan ba shi na daren nan."

Maman Ƙararrawa ta tsaya cak.

"Baba, maimaita."

Ta zauna a ƙarshen bencin ta faɗa masa komai, tun daga tari har zuwa filastar direba. Ta zaci zai tashi ya bar mata wurin. Sai ya kaɗa kai kawai.

"Ashe mutum ce. Shekara da shekaru ina gaya wa Madam bututun nan yana tari, ta ce tsufa ne ke damuna. To ke za ki karɓi nawa?"

"Ba ni ba. Ɗana. Shi da rana yake nasa, ko bango ya faɗi ba ya motsi. A ba ka nasa na rana, a ba shi naka na dare."

Baba ya shafa gemu. "Barcin da walda ba ta tayarwa?"

"Ko jirgi."

"Kawo shi."

Da rana ta ruga gida ta ɗauko yaron da 'yar rigar filonsa, Baba ya kawo tsohon bargon da yake lulluɓa a benci. Suka haɗu a ɗakin baya. Gwaggo da Baba suka gaisa a mutunce, ya yi mata ya jiki, ta yi masa ya aiki. Amma fuskarta a murtuke take, don ba ta son a ce ta faɗi ba daidai ba.

"Tsohon ya yarda, na ji," ta ce. "Shi yaron fa? Ke kika kafa doka. Nasa barcin ne."

Maman Ƙararrawa ta durƙusa gaban ɗanta, wanda aka taso daga barci yana kumbure-kumbure.

"Ɗan albarka, za ka ba Baba barcinka?"

"A'a."

"Zai ba ka nasa."

"A'a."

Gwaggo ta naɗe hannu tana murmushin mugunta. Baba ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ciro usur ɗinsa na gadi daga wuya, ya hura kaɗan. Idon yaron ya buɗe tar.

"Mu yi musaya irin ta maza," in ji Baba. "Ka ba ni barcin rana, in ba ka na dare, in ɗora maka wannan a kai."

Ƙararrawa ya miƙa rigar filon da hannu biyu, ya cafke usur.

"Baba, ka san abin da ka yi wa unguwarmu kuwa?" in ji uwar.

"Ni dai ba a can nake kwana ba."

Gwaggo ta ja zare nan, ta ja can, ta ƙulla tana gunaguni.

Ranar, ana idar da sallar isha'i, Ƙararrawa ya ajiye murfin tukunya. Ya ja 'yar kujerarsa zuwa bakin ƙofa, ya zauna, ya harɗe hannuwa a ƙirji, kansa ya sunkuya. Sai munshari, irin na dattijon da ya ga duniya. Da uwarsa ta zo ɗaukar sa ya yi firgigit, ido a rufe, ya ce da kakkausar murya, "Waye a nan? Idona biyu!" ya koma. Ta kwantar da shi, ta kwanta a gefensa tana dariya ƙasa-ƙasa. Ba ta san inda dariyar ta ƙare ba. Barcinta ne na kanta, babu ɓera, babu titi, babu komai.

Usur ne ya tashe ta, a cikin kunne. Rana ta riga ta haye taga.

Ta dire yaron wajen maƙwabciya, ta fita da ɗankwali a hannu. A bakin gidan wanki ta tarar da Baba tsaye ƙyam kamar soja, yana ba Madam rahoton duk abin da ya gifta a titin tun jiya: karnuka, mai keke, wata leda da bai yarda da ita ba. Madam na ta neman hanyar wucewa, shi kuma yana tare ta da ƙarin bayani. Ya ƙyafta wa Maman Ƙararrawa ido, ta sulale ta ƙofar gefe.

Ta shimfiɗa rigar. Ta rage zafin dutse, ta ɗora farin ƙyalle a kan leshin, ta fara daga ciki. Idonta bai yi nauyi ba. Ta bi tsakanin duwatsun da bakin dutsen guga ɗaya bayan ɗaya. Mayafin kuwa ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta rataye shi ta bar tururi ya yi aikin. Tururin ranar ya fito daidai wa daida, ba tofi, ba ɗigo. Daga ɗakin baya ta ji wani ɗan gyaran murya na mai jiran a gode masa.

Uwar amarya ta iso da hantsi, da 'yan rakiya da fuskar neman laifi. Ta duba wuya, ta duba hannu, ta juya rigar ciki, ta kai mayafin bakin ƙofa ta ɗaga shi a rana. Ta shinshina. Ta daɗe tana nema.

"Hm," ta ce a ƙarshe. "Ba laifi."

Da motarsu ta tashi, Madam ta sauke numfashin da ta riƙe tun shigowarsu. Ta dubi Maman Ƙararrawa ta saman tabarau.

"Mayar da jakarki cikin loka. Kullum tana rataye a bakin ƙofa kamar ta baƙuwa, tana tare min hanya."

Maƙwabciya ce ta ji jiki. Yaron da ke wuni yana barci yanzu yana sintiri a ɗakinta da usur. Da yamma ta tare Maman Ƙararrawa a matakala, gashi a tsaye, tana tambayar me aka ba shi. Suka daidaita a kan cewa duk gugar gidanta ta koma hannun Maman Ƙararrawa, usur kuma ya riƙa wuni a saman firji.

Bayan 'yan kwanaki wata dattijuwa mai jiki ta shigo gidan wankin, ba kaya a hannunta. Ta wuce kanta kai tsaye har teburin guga.

"Ke ce Maman Ƙararrawa? Ni ce matar mai gadinku. Ya faɗa min komai."

Maman Ƙararrawa ta kafe dutsen a tsaye. "Sannu da zuwa, Inna. Lafiya dai?"

"Barci kam yana yi, masu walda har leƙowa suke su ga ko da rai. Amma babban yatsa a baki, 'yar nan. Mutum da jikoki. In ya tashi sai ya ɓata fuska ya ce a ɗauke shi. Jiya na karɓe cokali daga hannunsa, ya kwanta a ƙasa yana shure-shure."

"Wayyo, Inna, ki yi haƙuri. In kina so a warware..."

"Wa ya ce a warware?" Dattijuwar ta ja kujera ta zauna, ta gyara mayafi. "Tun da na aure shi bai taɓa rungume ni don na ba shi biskit ba sai makon nan. Tambaya na zo yi. In ya fara shure-shuren, me kike masa?"

"Ki nuna masa taga ki ce ga tsuntsu."

"Yana aiki?"

"In bai yi ba, ki mayar masa da cokalin kawai, Inna. Ba a cin nasara."